Bargon Ƙyallaye: Yadda Ake Ɗinka Shi Da Hannu, Da Irin Shafin Da Ya Dace Da Zaman Kudu

'Yan uwa na Sabon Ibadan, da Agege, da Idi-Araba, da Shagamu, da Ama Hausa ta Owerri, da Fatakwal, da duk inda neman halak ya kai mu. Daga Bauchin Yakubu nake rubuto muku. Yau maganar allura da zare na kawo, kuma ina roƙon maza kada su ce wannan ta mata ce su wuce. Ai a ƙasar Hausa ɗinkin hannu tun asali maza ne suka fi yin sa, masu ɗinkin hula da masu aikin babbar riga su ne shaida.

Abin da zan bayyana shi ne bargon ƙyallaye, wato mayafin da ake haɗawa da guntayen yadin da tela ke zubarwa. Gidanmu gidan fataucin shanu ne. Babana na loda shanu zuwa kudu, ni ma tun da na gama sakandare nake bin mota lokaci-lokaci. Duk wanda ya taɓa kwana a saman tirela a watan Disamba, mota ta bar Bauchi tana hawa tudun Jos cikin dare, ya san darajar abin rufa. Innarmu ce ke ɗinka wa yaran rakiya irin wannan bargo, a wurinta na koyi aikin.

Ga abin da na lura da shi a tafiye-tafiyen nan. Bargon da zai yi shekaru a Bauchi lafiya lau, in aka kai shi Legas ko Lokpanta aka bar shi damina ɗaya, sai ka tarar ya yi funfuna yana wari. Mutane kan ɗora laifin a kan ƙyallayen. A gaskiya ƙyallen fuska ado ne kawai. Ƙarkon bargo yana wurin abubuwa biyu da ido bai cika kula da su ba: tushen da aka ɗinka ƙyallayen a kai, da shafin da aka rufe bayansa da shi. Su zan fi tsayawa a kai.

Aikin ba baƙo ba ne a wurinmu

Wanda ya kalli hawan sallah a manyan masarautun arewa ya ga 'yan lifida, su da dawakinsu a lulluɓe cikin tufa mai kauri. Lifidi yadi ne biyu da aka cusa auduga ko audugar rimi a tsakaninsu, aka bi da ɗinki layi-layi don kada cikon ya taru wuri ɗaya. A zamanin da Malam Yakubu ya kafa birnin Bauchi a 1809, da irinsa mahayan Daular Usmaniyya da na Borno ke kare kansu daga kibiya. Hikimar da ke cikin lifidi ita ce ta bargon nan: hawa-hawa na yadi, ɗinki ya riƙe su su zama abu ɗaya.

Haɗa ƙyallaye ma duniya ta san shi. A Senegal 'yan Baye Fall da tufafin haɗe-haɗe aka san su. A jihar Karnataka ta Indiya akwai mutanen Siddi, waɗanda asalinsu Afirka ne, matansu na shimfiɗa tsohon zanen sari su yi ta ɗinka ƙyallaye a kai daga baki-baki har su cike tsakiya. A Amurka akwai wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama mai suna Gee's Bend, inda mata suka gaji haɗa barguna da tsofaffin wandunan aiki da buhunan yadi, don talauci da sanyi. A 2002 aka baje kolin bargunansu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan sarki. Kun ga ke nan abin da muke sharewa a bakin shagon tela, wasu sun mai da shi abin alfahari.

Me ya sa sai da tushe?

Kowane yadi yana da zaren tsaye da zaren kwance. In ka ja shi ta tsaye ba ya miƙewa, ta kwance yana ɗan bayarwa, amma in ka ja shi a karkace sai ya yi ta tafiya kamar danƙo. To shi ƙyallen tela yawanci a karkace yake fitowa, daga wuyan riga, ko hammata, ko gindin wando. In ka haɗa irin waɗannan kai tsaye da junansu, wani ya ja wani ya saki, sai aikin ya yi tudu da kwari, ba zai taɓa kwanciya a kan gado ba. Ga kuma bambancin nauyi: atamfa daban, shadda daban, yadin maza daban.

Maganin wannan shi ne tushe. Za ka yanki yadi mara kauri mai kusurwa huɗu daidai, ka riƙa ɗinka ƙyallayen a kansa ɗaya bayan ɗaya har ya rufu. Shi ke riƙe siffar. Kowane irin wannan yanki da aka gama mu a gida muna ce masa gida, kamar gidan dara. In gidajen sun taru sai a haɗa su.

Masu keken ɗinki a ƙasashen waje sukan yi tushen da takarda, in sun gama su yage ta. Ga mai ɗinkin hannu ban ba da wannan shawara ba, saboda wajen fizge takardar ɗinkin na sakwarkwacewa. Tushen yadi ya fi, a bar shi a ciki har abada, ya zama hawa na biyu. Tsohon zanen atamfa da ya sha wanki ya yi laushi shi ne sarki a nan. Tsohon zanen gado na auduga ma ya yi, haka akoko ko alawayyo in an wanke su. Sharaɗi biyu ne kawai: kada ya zama ya ruɓe, ja shi da hannu biyu ka ji, kuma launinsa kada ya fi na ƙyallayen duhu, don kada ya riƙa leƙowa ta cikin masu haske.

Kayan aiki da tara ƙyalle

Ba a buƙatar jari. Allura matsakaiciya mai kaifi, zaren ɗinki mai ƙarfi launin toka ko ruwan ƙasa don ya saje da kowane launi, almakashi, tef ɗin awo, 'yan fil, da allin tela ko guntun sabulun da ya sirance don yin layi. Sai kwali da za ka yanka inci 11 tsawo da faɗi, shi ne ma'aunin kowane tushe. Ka nemi ɗan ƙarfen nan ko fatar da ake sa wa a yatsa wajen tura allura, in ba haka ba kwana biyu yatsan zai faɗa maka.

Ƙyalle kam a Bauchi ba ya wuya. Telolin kasuwar Wunti, da Muda Lawal, da babbar kasuwa, da na cikin unguwanni irin su Jahun da Nasarawa, kullum da buhu suke kwashewa, balle ana saura mako biyu sallah. A kudu ma haka ne, kowane zango akwai telolinmu. Ka yi magana da tela ɗaya ko biyu cikin mutunci, ka ajiye musu buhu, ka riƙa ɗan kyautata musu. Su ma sauƙi ne gare su, don ƙyallen in bai tafi kwata ya toshe ta ba, to wuta za a sa masa unguwa ta cika da hayaƙi.

In ka kawo gida sai tsincewa. Cire leshi mai huji, da duk yadi mai santsi ko mai miƙewa irin na rigar sanyi, da mai duwatsu. Ware masu duhu gefe ɗaya, masu haske gefe ɗaya. Sannan ka jiƙa su a ruwan ɗumi da ɗan sabulu, kowane kashi a bokitinsa. Wannan wankin na farko yana fitar da sitaci, yana sa wanda zai shiga ya shige tun yanzu, yana kuma tona asirin mai zuba. Duk wanda ya rina ruwa har ɗauraya ta uku, fitar da shi, musamman ja da shuɗi mai duhu. In sun bushe a goge su, a yanka su tsiri-tsiri, faɗin inci ɗaya da rabi zuwa inci 3. Ba sai faɗinsu ya zo ɗaya ba, bambancin ma shi ke ƙara kyau.

Yadda ake ɗinka gida ɗaya

Shimfiɗa tushe a kan tire ko faifai a cinyarka. Ɗauki tsiri mafi tsawo ka ɗora shi daga kusurwa zuwa kusurwa, fuskarsa na kallon sama, ka kafe shi da fil biyu. Wannan na farko ba a ɗinka shi shi kaɗai.

Ɗauki tsiri na biyu ka kifa shi a kan na farko, fuska da fuska, bakinsu ɗaya ya daidaita. Ja layi da alli kamar kwatan inci daga bakin, kusan milimita 6 ke nan. Bi layin da allura, kana huda hawa uku gaba ɗaya: tsiri na biyu, na farko, da tushe. In ka kai ƙarshe sai ka buɗe na biyun ya kwanta a kan tushe fuskarsa sama, ka murje bakin ɗinkin da farce ko dutsen guga. Ka ga ɗinkin ya ɓuya a ƙasa ke nan. Na uku ma haka, a kifa, a ɗinka, a buɗe, a murje, har ka kai kusurwa. Sai ka juyo ɗaya ɓangaren na tsirin farko ka yi haka.

Shi kansa ɗinkin, a soka a fito ne, ƙanana-ƙanana, kamar 7 ko 8 a inci ɗaya. Bayan kowane huɗu ko biyar ka koma baya taku ɗaya ka sake sokawa a inda ka wuce. Wannan komawar ita ce makulli, ko zare ya tsinke wata rana, ba zai warware layin duka ba. A farko da ƙarshe ma ka maimaita sau biyu ko uku a wuri ɗaya, ya fi dogara da ƙulli kaɗai. Zaren kada ya wuce kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, dogon zare harɗewa yake yana kuma cinyewa wajen yawan ja. Kada ka ja da ƙarfi har tushen ya tattare. In ka ga ya fara yamutsewa, tsaya ka miƙar da shi da yatsa kafin ka ci gaba.

In tushe ya rufu, kifa shi. Za ka ga jelar ƙyallaye ta fito ta kowane gefe. Bi bakin tushen da almakashi ka datse su. Gida ɗaya ya kammala.

Akwai dabarar da ke sa aikin ya fito kamar an tsara shi a kamfani. Ka sa tsirin tsakiya na kowane gida ya zama launi ɗaya, misali baƙi ko fari. In ka jera gida huɗu kana juya su, layukan sai su haɗu su ba da zane mai kama da idon zakara ko gicciye, ya danganta da yadda ka juya. Wani salon kuma, a sa ɗan murabba'i a tsakiyar tushe, a riƙa kewaya shi da tsiri ta gefe huɗu, masu haske a gefe biyu, masu duhu a gefe biyu. Wannan ya shahara a Amurka tun wajen shekarun 1860. Hanyar ɗinkin dai ɗaya ce.

Lissafin gidaje

Tushe inci 11 ne, in an cire rabin inci ta kowane gefe na haɗi, gida zai tsaya a inci 10. Bargon mutum ɗaya, mai faɗin inci 60 da tsawon inci 80, gida 6 ne a jere sau 8, wato gida 48. Na katifa mai ƙafa 6 da 6, gida 9 sau 9, wato 81, don ya ɗan zubo ta gefe. Shimfiɗar yaro kuwa gida 12 sun isa, 3 sau 4. Mai koyo ya fara da wannan.

Tsohon zane ɗaya yadi 2 ne, inci 72 ke nan, faɗin atamfa kuma yakan kama daga inci 45 zuwa 48. Zane ɗaya zai ba ka tushe 24. Zane biyu sun gama maka bargon mutum ɗaya. In kana yin gida biyu a rana, ɗaya da hantsi ɗaya bayan la'asar, cikin kwana 24 ka haɗa 48. Da yayyafi kogi kan cika.

Wajen haɗa gidaje, shimfiɗa su duka a tabarma tukuna ka ja baya ka duba, ka sauya wa waɗanda launinsu ya taru wuri ɗaya mazauni. Sannan ka haɗa su layi-layi, fuska da fuska, da ɗinkin koma-baya zalla, don nan ne nauyi ke taruwa. Buɗe haɗin biyu ka goge shi ya kwanta, saboda hawa huɗu ne a wurin, in ka kwantar da shi gefe ɗaya zai yi ƙullutu.

Zaɓen shafi

Yanzu mun zo kan inda aka fi yin asara. Mutum ya yi wata guda yana ɗinki, in an zo shafi sai ya ɗauko duk abin da ya fi araha. Alhali shafi shi ke taɓa jiki, shi ke shan gumi, shi ke gogar katifa ko tabarma, kuma shi ne yanki mafi girma a bargon duka.

Abu na farko, auduga ce ko roba? Da can, lokacin da masaƙun Kaduna ke aiki, irin su KTL da aka buɗe a 1957 da UNTL da ta biyo baya a 1964, atamfar da ke kasuwa galibi auduga ce. Tun da masaƙun suka durƙushe a shekarun 2000, kayan waje suka cika kasuwa, da yawansu kuma foliyesta ne ko gauraye, ko da zanen ya yi kama da na asali. Ido ba ya rabewa, amma wuta na rabewa. Roƙi mai shago ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa, ka fita waje ka kunna masa ashana. Auduga za ta ci da wuta tana warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa. Roba kuwa tsukewa take tana narkewa, da warin leda, ta bar dunƙule mai tauri. Ka riƙe shi da wani abu, don narkakkiyar roba na manne wa fata. Wannan ma dalili ne babba: a ɗakin da ake kunna maganin sauro na wuta ko gawayi, shafin roba haɗari ne.

Abu na biyu, ina za a yi amfani da shi? A nan Bauchi da kudu suka rabu. Bauchi tana kan tudu kusan mita 600 daga teku, ruwan shekara wajen milimita 1,000 ne, daga Nuwamba zuwa Maris kuma iska a bushe take ƙarau. Bargo mai kauri in ka wanke shi da safe, kafin la'asar ya bushe. Fatakwal kuwa ruwanta ya ninka na Bauchi fiye da sau biyu, Legas ma da damina iskar kanta a jiƙe take, kuma yawancinmu ɗaki ɗaya muke haya, babu filin shanya. Abu mai kauri zai yi kwana biyu ko uku bai bushe ba, a nan funfuna ke samun gida.

Saboda haka na kudu hawa uku ya ishe shi: fuska, tushe, shafi. Kada a sa ciko ko kaɗan. Shafin ya zama auduga zalla mara kauri, mai barin iska ta ratsa. Ɗaga shi ka kalli rana, in haske na ɗan shigowa amma ba ka ganin gari sosai, ya yi. Wannan ya isa sanyin asubar damina da ɗan hunturun da ke leƙo kudu. Na Bauchi ko Jos, ko na saman mota, shi ne za a sa wa tsohon bargo mara nauyi a tsakiya, a yi masa shafi mai ɗan kauri kamar yadin kaki, don ya jure ƙura da gogar ƙarfe. Audugar rimi kuwa a bar ta wa matashi da lifidi. Tana da saurin kama wuta, kuma zamewa take ta dunƙule in ba a yi mata ɗinki kusa-kusa ba.

Abu na uku, allura za ta shiga? Shadda na da kyau a ido, amma saƙarta a matse take, ga santsi, wajen ɗinkin hannu sai ta gajiyar da kai, bargon kuma ya riƙa sulɓewa daga jiki cikin dare. Sabon zanen gado mai tsada ma wani lokaci haka yake. Ka tafi kasuwa da allurarka, ka soka a bakin yadin sau uku ka ji. Zanen gado na gwanjo, irin wanda ake samu a Katanguwa ko Yaba a Legas, in auduga ne kuma tsakiyarsa bai sirance ba, yana cikin mafi kyawun shafi: ya riga ya shige, ya yi laushi, kuma faɗinsa ya isa ba sai an yi haɗi ba. A wanke shi da ruwan zafi a shanya a rana kafin a taɓa shi.

Abu na huɗu, launi. Farin shafi na nuna datti da kowace karkatar ɗinki. Atamfa mai ƙananan zane da launi matsakaici tana rufa wa mai koyo asiri. Rinin baba irin na marinar Ƙofar Mata a Kano abin so ne, amma sabonsa na shafa shuɗi a jiki da zanen gado, sai an wanke shi sau da yawa. Gwajin mai sauƙi ne, jiƙa farin ƙyalle ka goga a kai da ƙarfi, in ya ɗauko launi ka sani zai ɗauko a kan rigarka ma.

Sai awo. Shafi ya fi fuska da inci 4 ta kowane gefe. Bargo mai 60 da 80 yana son shafi mai 68 da 88. In atamfa ce, ka sayi yadi 4, ka wanke, ka yanka biyu mai tsawon inci 68 kowane, ka haɗa su ta dogon gefe. Ba sai ka sayi turmi guda mai yadi 6 ba. A Balogun, ko Gbagi ta Ibadan, ko Ariaria ta Aba, ko babbar kasuwar Onitsha, ka nemi masu yanka yadi-yadi. Wankin nan na farko kada a tsallake shi. Ƙyallayenka da tushenka sun riga sun shige, in shafin sabo ne bai ga ruwa ba, ranar wankin farko zai shige shi kaɗai ya tattaro fuskar ta yi jaka.

Haɗawa da rufe baki

Share ƙasa ka shimfiɗa tabarma. Shafi a ƙasa fuskarsa na kallon tabarma, ciko in akwai, sai fuska a sama. Lallashe su da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki. Yi musu ɗinkin riƙo manya-manya da zare mai launi daban, daga tsakiya zuwa kowane gefe da kowace kusurwa, wanda za ka zare daga baya.

Daga nan hanya biyu ce. Ko ka bi layukan haɗin gidaje da ɗinkin soka-fito har ƙasa, ko ka yi ƙulli: ka soka zare mai kauri ninki biyu ya ratsa duka, ka dawo da shi sama kusa da inda ya shiga, ka ƙulla sau biyu, ka yanke ka bar ɗan jela. Ƙulli ɗaya a kowace mahaɗar gidaje, ɗaya a tsakiyar gida, in da ciko a ƙara har tazarar ta zama faɗin tafin hannu. Ƙulli ya fi sauri, ɗinki ya fi ƙarko. Na jariri kam ɗinki za a yi, ban da ƙulli mai jela, kuma a shimfiɗa masa ne, kada a rufe masa fuska da shi.

Rufe baki da shafin kansa ake yi. Rage shi ya saura inci ɗaya ta kowane gefe, ninka shi rabi, sake ninkowa kan fuska, ka bi da kalmasa ƙanana. Shi ya sa yake da kyau launin shafi ya dace da fuskar, tun da zai fito ya zama mata iyaka.

Wajen ajiya a kudu, kada a ɗaure shi a leda. Sa shi a tsohuwar rigar matashi ta auduga, a ɗora a sama nesa da bango da ƙasa, duk ranar da rana ta fito sosai a baza shi awa ɗaya ko biyu, shafin na kallon sama don kada launin fuskar ya koɗe.

Ga iyayenmu mata da ƙannenmu da ke zaune a gida a zango, wannan sana'a ce da ba ta son wutar lantarki, ba ta son shago, ba ta hana girki ko reno. Shimfiɗar yaro, rigar matashi, abin rufe akwati, duk daga gida 4 zuwa 12 ne, kuma 'yan uwanmu masu gadi da masu kwana a kara ko tasha kullum suna neman abin rufa mai sauƙin wanki. Wanda zai sayar, ya faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke ciki, ya kuma tambaye shi inda zai kwana da shi kafin ya zaɓi shafi. Wanda ke son aika wa tsofaffinsa a gida kafin sanyi ya sauka, ya fara tara ƙyalle tun watan Satumba, kuma ya tuna nasu na arewa ne, a sa masa ciko.

Allah Ya sa wa hannuwanmu albarka, Ya kai matafiya gida lafiya.